Bizar aiki ta ƙare a Birtaniya: sabon kamfani, karatu, aure, ko dawowa gida?

Idan ɗan Najeriya ya rasa aikin da ya kai shi Birtaniya, ko dai kamfani ya sallame shi ko gwamnati ta soke lasisin kamfanin, Ma'aikatar Cikin Gida ta ƙasar takan gajarta bizarsa zuwa kwana 60, ko zuwa abin da ya rage masa idan bai kai haka ba. Cikin waɗannan kwanaki ne zai shigar da sabuwar buƙatar zama, ko ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar. Wanda kuma bizarsa ta zo ƙarshe da kanta, kamfani ya ce ba zai sabunta ba, ko kwana 60 ɗin ba shi da su. Ranar da ke rubuce a bizar ita ce ranar.

Maganar ta shafe mu a Jos fiye da yadda ake zato. Tun Fabrairun 2022 da Birtaniya ta buɗe ƙofa ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya, nas-nas da malaman makaranta da masu digirin da suka gaji da yawon neman aiki suka yi ta tafiya. A Maris ɗin 2025 gwamnatin ƙasar ta bayyana cewa tsakanin Yulin 2022 da Disambar 2024 ta soke lasisin kamfanonin kula da tsofaffi sama da 470, waɗanda ma'aikata fiye da 39,000 ke ƙarƙashinsu. Duk wanda wasiƙar gajarta biza ta iske, kafin ya kira lauya gida yake fara kira. A Gangare ko Rikkos ko Unguwar Rogo ake zama a yanke shawarar ko za a sayar da fili, ko za a ci bashi, ko a ce masa ya dawo. Masu yanke shawarar kuwa yawanci ba su taɓa ganin dokar da ake magana a kai ba. Don haka wannan kwatancen nasu ne kamar yadda yake na wanda ke can.

Abu biyu nake auna kowace hanya da su, bayan kuɗi. Na farko, shin shekarun da mutum ya riga ya yi a kan bizar aiki za su ci gaba da ƙirguwa zuwa takardar zaman dindindin, wadda ake nema bayan shekara 5, ko za a share a faro daga sifiri? Na biyu, idan abin bai yiwu ba, da wane irin suna zai fito a rajistar hukumar shige da fice? Wannan na biyun shi ake rainawa, kuma shi ne ke bin mutum har ofishin jakadancin Kanada da na Amurka, domin fom ɗinsu suna tambaya ko an taɓa hana ka biza ko korar ka daga wata ƙasa.

Kafin a shiga hanyoyin, akwai ƙa'ida guda da ta fi duk sauran amfani. Sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971 ya tanadi cewa wanda ya shigar da ingantacciyar buƙata kafin bizarsa ta ƙare, zamansa halal ne har ranar da za a yanke hukunci, ko da an ɗauki watanni. Wanda ya shigar a kwana na 59 yana cikin doka, wanda ya shigar a na 61 ya riga ya zarce. Akwai ɗan rangwamen kwana 14, amma na wanda ya nuna dalilin da ya fi ƙarfinsa ne, kamar kwanciya a asibiti, ba na wanda ke jiran a turo masa kuɗi daga Najeriya ba. Sai dai a sani, muddin buƙatar tana hannunsu, idan mutum ya taho gida an ɗauka ya janye ta, ko da rasuwa ce ta kawo shi. Sannan wasiƙar gajarta biza ta imel ko adireshin da suke da shi take zuwa. Wanda ya sauya gida ko imel bai sabunta a shafinsa na hukumar ba, yana iya cinye rabin kwanakinsa bai ma san an fara ƙirga ba.

Samun sabon kamfanin da zai ɗauki nauyi ita ce hanyar da ta fi kowace, ba ma kusa ba. Shekarun baya ba sa faɗuwa: wanda ya yi uku da kamfanin farko, biyu suka rage masa. Iyalin da ke tare da shi bisa ƙa'ida suna ci gaba da zama. Mai bizar aikin lafiya da kula da marasa lafiya ba ya biyan harajin kiwon lafiyar baƙi, wanda tun Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara ga kowane babba. Ga magidanci mai mata da 'ya'ya wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Wahalar ita ce ƙofar tana ta ƙanƙancewa. A Afrilun 2024 mafi ƙarancin albashin bizar ƙwararru ya tashi zuwa fam 38,700, a Yulin 2025 ya koma 41,700, aka kuma mayar da yawancin ayyukan da ake ɗauka zuwa matakin digiri. Waɗanda suka shiga kafin Afrilun 2024 suna da rangwame, masu kula da tsofaffi kuma nasu ma'aunin daban ne, fam 25,000 a shekara. Ranar 22 ga Yulin 2025 aka daina ɗauko masu kula da tsofaffi daga waje gaba ɗaya, aka bar wa na cikin ƙasar damar sauya kamfani ko sabuntawa har zuwa Yulin 2028. Wannan rufewar, duk da ɗacinta ga masu jiran tafiya, ta ɗan taimaki wanda ke can, tunda kamfani ba shi da inda zai nemo ma'aikaci sai cikin gida. Akwai kuma cibiyoyin shiyya-shiyya da gwamnati ta ɗauki nauyi a Ingila don haɗa waɗanda aka soke lasisin kamfaninsu da masu neman ma'aikata, kuma kyauta ne. Wanda aka ba kwana 60, ranar farko ya kamata ya rubuta musu, ba bayan ya gama zagaye ƙungiyoyin WhatsApp ba.

A ƙungiyoyin WhatsApp ɗin ne kuɗin mutane ke salwanta. Takardar ɗaukar nauyi, wadda kowa ke kira CoS, ba hajar sayarwa ba ce. Kamfani ne ke biyan kuɗinta, kuma tun ƙarshen 2024 an haramta masa ɗora wa ma'aikaci. Na zauna a wani falo a Unguwar Rogo ana sauraron saƙon muryar wata ƙanwa daga Ingila, an ɗora wayar a kan tire kusa da filas ɗin shayi, takardun fili kuma suna cikin leda a cinyar babban wansu. Tana cewa: “Yaya, mutumin ya ce in an ba shi rabi yau, jibi takarda ta fito.” Mahaifiyarsu ta ce: “Kai Babangida, kada ka bar yarinyar nan ta tozarta a ƙasar mutane.” Babu wanda ya tambayi sunan kamfanin. Alhali gwamnatin Birtaniya tana wallafa jerin duk kamfanonin da ke da lasisin ɗaukar baƙi a intanet, kowa na iya dubawa daga wayarsa, kuma kamfanin kula da tsofaffi a Ingila sai yana da rajista da CQC, hukumar da ke sa ido kan irin waɗannan kamfanoni. Da aka duba, sunan ba ya ciki. Ko da ma yana ciki, kamfanin da ke sayar da takarda ba shi da aikin bayarwa, shi ne irin wanda ake soke wa lasisi, sai mutum ya sake komawa kwana 60 ba fili ba kuɗi. Idan kuwa takardar ta bogi ce aka shigar da ita, hukuncin yaudara hani ne na shekara 10, kuma a kan mai bizar yake faɗawa, dillali ya daɗe da sauya lamba.

Ga wadda ta yi karatun nas a gida amma ta shiga da bizar kula da tsofaffi, akwai mafitar da ta fi wannan duka: ta kammala rajista da hukumar nas-nas ta NMC, wato jarrabawar Turanci ta IELTS ko OET, jarrabawar kwamfuta, da ta gwajin aiki a aikace. Kwana 60 ba za su isa a faro wannan daga tushe ba. Aikin wanda har yanzu bizarsa ke da rai ne, ya fara tun kamfani bai fara rage masa awannin aiki ba, domin rage awanni da jinkirin albashi su ne alamun farko.

Hanya ta biyu komawa makaranta. Doka ta yarda mai bizar aiki ya koma bizar ɗalibi ba tare da ya fita ba, da sharaɗin karatun zai fara cikin kwana 28 da ƙarewar bizarsa. Nan ne wasu ke tuntuɓe, domin yawancin jami'o'i a Satumba da Janairu suke ɗaukar ɗalibai. Wanda wasiƙarsa ta zo a Maris, lissafin ba zai haɗu ba. Wanda ya shekara a ƙasar da biza ba a tilasta masa nuna kuɗin ciyar da kai a banki, amma an yafe masa nunawa ne kawai, kashewa tana nan: gwamnati da kanta tana lissafin sama da fam 1,100 a wata ga ɗalibin da ke wajen Landan. A ɗora kuɗin makaranta, wanda a yawancin jami'o'i ya wuce fam 10,000 nesa ba kusa ba, da harajin lafiya na ɗalibi fam 776 a shekara. Aikin da aka yarda ya yi kuma awa 20 ne a mako lokacin karatu. Ba ya biyan haya da makaranta a tare, ko da kuwa mutum garin kwaki zai riƙa sha.

Ma'ana daga gida kuɗin zai fito, da naira. Duk wanda ya je wurin 'yan canji bayan Yunin 2023 ya san abin da ya sami naira, har fam ɗaya ya haura 2,000 a 2024. A Mayun shekarar ne labarin ɗaliban Najeriya na Jami'ar Teesside ya bazu, waɗanda faɗuwar naira ta cinye musu ajiya suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, aka dakatar da su, wasu aka ce su bar ƙasar. Sannan tun Janairun 2024 ɗalibin digiri na biyu na aji ba shi da damar ɗaukar nauyin iyali, sai mai digirin bincike ko wanda gwamnati ta tura. Mafi muhimmanci, shekarun ɗalibta ba sa shiga lissafin shekara 5 na bizar aiki. Abin da karatu ke saya wa mutum lokaci ne: shekarar karatu, sai bizar bayan kammalawa, wadda take shekara 2 amma za ta koma wata 18 ga masu nema daga Janairun 2027. Ita ma sau ɗaya ake ba mutum a rayuwa, kuma da yawa daga cikin mutanenmu ta karatu suka fara shiga, sun riga sun ci tasu.

A ganina karatu ya dace da mutum ɗaya ne: matashi marar iyali a can, wanda ke da kuɗin a hannu ba bashi ba, kuma fannin da zai karanta yana kai wa ga aikin da albashinsa ya kai ma'auni. Wanda zai yi rajistar kowane irin kwas don kawai kada a ce ya dawo, jinkirta ranar ya yi da farashin gida guda a Jos.

Ta uku ita ce ta iyali, kuma kala biyu ce da ake yawan cakuɗawa. Idan miji da mata suna can tare, ɗaya ya rasa aiki, ɗayan kuma yana da bizar aiki tasa ko zai iya samu, sai wanda ya rasa ya koma ƙarƙashinsa. Wannan hanya ce mai sauƙi, kuma wanda ke ƙarƙashin wani yana iya yin kusan kowane irin aiki ba tare da kamfani ya ɗaure shi ba. Na ga gidajen da girman kai kaɗai ya hana, maigida ba ya so a ce a bizar matarsa yake zaune. Sai dai mai kula da tsofaffin da ya shiga daga 11 ga Maris 2024 ba shi da ikon ɗaukar kowa.

Kala na biyu auren ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin. Ana buƙatar kuɗin shiga na fam 29,000 a shekara tun Afrilun 2024, ana ba da shekara biyu da rabi a sabunta, ana biyan harajin lafiya cikakke, kuma ƙirgen shekara 5 daga farko yake tashi. Abu biyu ya kamata Musulmi ya sani. Ɗaurin aure a masallacin da ba shi da rajistar aure a Ingila aure ne a addini, amma hukuma ba ta ƙirga shi. Kuma ofishin rajista yana buƙatar sanarwar kwana 28, wadda ake iya tsawaitawa zuwa 70 idan Ma'aikatar Cikin Gida ta ga dalilin bincike. Mai kwana 60 ya yi wannan lissafin da kansa. Ga wanda dama yana da maganar aure ta gaskiya, hanya ce mai kyau, tunda ta raba shi da dogaro da kamfani. Auren kwangila kuwa, ban da haramcinsa da laifinsa, mutum ya miƙa wuyansa ne shekara 5 ga wanda kuɗi kaɗai ya haɗa su. Masu 'ya'yan da suka shekara 7 a ƙasar suna da wata kafa ta daban a ƙarƙashin haƙƙin rayuwar iyali, doguwa mai tsada, wadda sai da lauya. Lauyan ma a tabbata mai rajista ne, ko mai ba da shawarar da IAA, hukumar da ke sa ido kan masu wannan sana'a, ta amince da shi, domin ba da shawarar shige da fice ba lasisi laifi ne a can.

Shawarwari biyu suna yawo da ba su cancanci dogon bayani ba. Ba a komawa bizar ziyara daga cikin ƙasar, kuma mai ziyara ba ya aiki. Neman mafakar siyasa da labarin ƙarya, wanda wasu ke cewa ai ɗan Jos yana da abin faɗa, yawanci yana hana mutum aiki tsawon lokacin jira, kuma wanda aka ba mafaka daga Najeriya ya rufe wa kansa hanyar zuwa gaida iyayensa.

Saura dawowa gida, wadda ba a son ambata a zaman shawara, alhali sau da yawa ita ce ta biyu a kyau. Wanda ya fita kafin wa'adinsa ya cika babu hani a kansa, gobe ya samu kamfani ya nemi biza daga Abuja kamar kowa. Idan ya nema cikin wata 6 da barin Birtaniya ma ba sai ya yi gwajin tarin fuka ba. Wanda ya zarce fiye da kwana 30 sannan ya fita da kuɗinsa, hanin shekara 1 ne. Idan gwamnati ce ta biya masa jirgi, shekara 2 ko 5. Idan kamo shi aka yi aka saka a jirgi, shekara 10. Zaman ɓoye kuma ba kamar na shekarun baya ba ne. Mai gidan haya a Ingila sai ya duba izinin zama, bankuna suna rufe asusu, kuma tarar mai ba da aiki ta kai fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci a karon farko, 60,000 idan ya maimaita. Wanda ya rage zai ɗauke ka shi ne wanda ya san ba ka da bakin kai ƙara idan ya hana ka haƙƙinka.

Dole a faɗi asarar da ke cikin dawowa. Doguwar fita tana karya ƙirgen shekara 5, domin ba a yarda mutum ya wuce kwana 180 a waje cikin wata 12 ba. Mai kula da tsofaffi kuma idan ya fito, ba zai koma ta wannan ƙofar ba tunda an rufe ta daga waje. Saboda haka shi ya fi kowa dalilin ya yi amfani da kwanakinsa har ƙarshe wajen neman sabon kamfani. Nas mai rajista, likita, ko injiniya ba haka ba ne, takardunsa suna tafiya da shi. Ita kanta shekara 5 ɗin da ake wa wannan wahala, tun Mayun 2025 gwamnatin Firaminista Keir Starmer ta bayyana aniyar mayar da ita 10 ga yawancin baƙi. Wanda ke shekararsa ta huɗu da wanda ke ta farko ba abu ɗaya suke karewa ba, bai kamata iyalansu su kashe kuɗi iri ɗaya ba.

Masu 'yan uwa a Saudiyya kada su ɗauki wannan lissafin su ɗora a can. Igama, wato takardar izinin zama, a hannun mai ba da aiki take, shi ke sabunta ta, kuma yawan shekaru ba ya kai mutum ga zama ɗan ƙasa. Tun gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ma'aikacin kamfani yana iya sauya wurin aiki ta manhajar Qiwa bayan shekara guda ba sai kafili ya yarda ba, amma gyaran bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba. Bizar fita ta ƙarshe kwana 60 take bayarwa. Tunda babu zaman dindindin da ake ƙirga wa kwana, abin karewa a can shi ne kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace bayan nan, da kuma kada mutum ya fita ta tarhil, wato a koro shi.

Ga iyalin da aka kira yau, tsarin da zan ba da shi ne a raba kwana 60 ɗin tun ranar farko. Kwana 40 na neman kamfani da gaske, tare da duba ko akwai kafar iyali, kuma cikin makon farko a biya lauya mai rajista kuɗin zama ɗaya ya duba takardun. Wannan ne kuɗin da ya cancanci a tura daga gida. A ware kuɗin tikiti a gefe kada a taɓa shi ko da dillali ya rantse da Alƙur'ani. Idan kwana 45 ta yi babu takardar ɗaukar nauyi daga kamfanin da ke cikin jerin gwamnati, a yanki tikiti mai sauyuwar rana, a ci gaba da nema. Kafin tashi mutum ya karɓi takardar barin aiki ta P45, da takardun albashinsa duka, da wasiƙar shaida daga wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya biya duk bashin asibiti tunda na fam 500 yana iya hana biza nan gaba, ya ajiye bayanan asusun fanshonsa. Ya kuma cike fom ɗin P85 na hukumar haraji: shekarar harajinsu daga 6 ga Afrilu take farawa, kuma wanda ya bar aiki a tsakiyarta sau da yawa akwai rarar harajin da za a mayar masa.